Randar da Lauratu ta Goya

Yammacin da abin ya fara, babu wani abu a gidan Sulle da zai sa mutum ya ɗaga kai. Rana ta yi ja ta faɗa bayan rumbu. Kaji suna ta shiga akurki, gyaɗar da aka shanya a tsakar gida ba a ma gama kwashe ta ba. Lauratu, matar gidan, tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, jikinta a mace da gajiya amma ranta fari ƙal.

Lauratu maginiya ce. Duk yankin Yammedi idan aka ce randa mai zane, ita ake nufi. Wurin uwarta ta gaji ginin, hannunta kuwa ya fi na uwar. Shi ya sa da gwamnati ta gina sabon ɗakin taro a cikin Karaye, wani jami'i mai suna Nasiru ya tako har ƙauyensu ya ce a gina masa randuna shida na ado, a jera su a ƙofar shiga, baƙi su gani su san ƙasar nan akwai masu hannu. A ranar da safe aka ɗora su a bayan a-kori-kura, aka yi musu shimfiɗa da harawa, ita kuma ta zauna a tsakiyarsu tana dafe da su har gari. Aka sauke, aka jera, aka ɗauke ta hoto a gefensu. Da ta dawo, har maƙwabta suka shigo yi mata barka.

Ana kiran sallar magariba sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ƙwal!

"Yaran nan ba su da kunya," in ji Lauratu. "Auta, leƙa ki ga 'ya'yan waye."

Nuriyya ce autar, budurwa ce da ta gama sakandare tana taya uwarta kwaɓa yumɓu. Ta leƙa waje, ta dawo ta ce babu kowa, layin wayam, duk an tafi masallaci. Kafin ta rufe baki wani ya sake faɗowa, wannan karon a gaban ƙafarta. Ta duƙa ta ɗauka, ta yar da sauri tana yarfe hannu.

"Inna, da zafi!"

Tsingaro ne, irin fasassun tukwanen da ke zube a matoya a bayan gida, inda ake gasa tukwane. Wutar matoyar kuwa ta daɗe da mutuwa, har kaji sun yi birgima a tokar. Lauratu ta tsaya da muciya a hannu tana kallon abin. Jifa ya ci gaba, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har Sulle ya dawo daga masallaci. Ya zaga gidan da tocila, ya haska kan katanga, ya haska bayan rumbu. Bai ga kowa ba, ya dawo ya zauna. Tuwon ranar kowa loma biyu ya yi ya tsame hannu.

Gari ya waye suka tarar da kowane mazubi a gidan a buɗe. Tukunyar miya, tulun ruwa, ƙwaryar gari, samirun Nuriyya da ake tara mata na ɗaki, duk an ɗage murafunsu an ajiye a gefe a hankali. Ba a fasa komai ba, ba a ɗauki komai ba. Ɓarawo ba ya haka. Wannan mai nema ne, kuma bai samu ba.

Haka aka shiga yi. Da rana gida lafiya lau, rana na faɗuwa sai jifa. Bayan jifa sai murya, can ƙasa-ƙasa daga wajen matoya, muryar mace tana ɗan guna-guni irin wanda ake yi wa jariri idan ya ƙi barci. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Sulle ya riƙa kunna karatu a waya ya ajiye a kan turmi, sai a ga wayar ta mutu da kanta alhali cajinta a cike. Lauratu ta kasa taɓa yumɓu. Ta rame, idonta ya faɗa.

Sannan abin ya faɗa kan Nuriyya.

Wata magariba yarinyar tana alwala, sai ta ajiye butar, ta miƙe da ruwa a fuska. Tafiyarta ta sauya, ta koma ta mace mai ɗanyen jego, tana ɗan buɗa ƙafa tana dafe da mara. Ta je gaban randar ruwan sha ta tura kanta ciki har wuya. Ta ciro, ta je ga tulu ta kara ido. Ta bi tukwane ɗaya-ɗaya.

"Auta?" Lauratu ta kira ta. "Auta, me kike nema?"

Yarinyar ta juyo. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne. Ta yi wa uwarta kallon da ake yi wa wanda ya ci amana, ta wuce ta fita, ta shiga gidan maƙwabta tana buɗe musu tukwane. Da ƙyar maza uku suka dawo da ita. Daga ranar ba ta ƙara sa komai a bakinta ba, ko ruwa. Leɓɓanta suka tsattsage. Tana zaune a ƙuryar ɗaki ta rungume iska tana jijjigawa.

Sulle ya hau babur ya tafi Ruwan Bago ya ɗauko Malam Abdulmutalib. Dattijo ne ɗan siriri, mai makarantar allo, ba ya son hayaniya kuma ba ya tsoron mutanen ɓoye. Bayan la'asar suka iso. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da Nuriyya aka lulluɓe ta da mayafi. Ya sa garwashi a kasko ya zuba habbatus sauda. Ya zauna daga gefen kanta ya fara karatu, a hankali, kamar mai biya wa yaro.

An daɗe ba abin da ya motsa. Inuwar katanga ta ja jiki ta rufe rabin tsakar gidan. Tsuntsayen da ke kan dalbejiya suka yi tsit. Sai mayafin ya fara karkarwa, wata murya ta fito daga ƙarƙashinsa, mai kauri, a dushe, irin ta wadda ta gaji da kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Da ba ki shiga inda ba a gayyace ki ba, da ba ki ƙone ba," in ji Malam. "Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Uwarta ce."

Lauratu ta matso da gwiwa. "Ni? Wallahi ban san ki ba, baiwar Allah."

"Kin gina ɗaki kin bar ƙofarsa a buɗe. Na zo wucewa naƙuda ta kama ni. Na ga ɗaki sabo, mai ɗumi, babu wanda ya taɓa shan ruwa a ciki, babu wanda ya ambaci sunan Allah a bakinsa. Na shiga na haihu."

Nan take Lauratu ta gane. Kowace maginiya ta san ba a barin sabuwar randa ta kwana baki sama. Daga fitowa wuta ake kife ta, sai ranar da mai ita zai zuba mata ruwan fari da bisimilla. Tun tana ƙarama ta san haka. To amma Nasiru ya ce a shafa wa bakin randunan fenti kore da fari. Fentin ya ƙi bushewa, in ta kife su zai kwashi ƙasa, in ta rufe da faifai zai manne. Sai ta jera su a bayan gida ta bar su haka suna kallon sama. Ko a ranta ba ta kawo komai ba, hankalinta duk yana kan kada aikin gwamnati ya ɓaci.

"Da safe na fita nemo abin da zan sa a bakina," muryar ta ci gaba. "Na dawo babu ɗaki, babu ɗa. Kun ɗora shi a kan ƙarfe mai gudu. Na bi ƙamshinsa har bakin kwalta, a nan ya ɓace mini. Ina kuka kai mini ɗa?"

Sulle ya buɗe baki zai faɗa. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Ba za a gaya miki ba. Wurin mutane ne, ba zan tura musu ke ba. Abin da kika yi wa yarinyar nan zalunci ne, ko kin sani ko ba ki sani ba. Ki fita, mu kuma mu kawo miki ɗanki."

"In fita in kama me? Bil'adama da alƙawari?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ɗana bai sha ba, 'yarta ba za ta sha ba. Wadda ta kai shi ita za ta dawo da shi. Da ƙafarta, kada a sake ɗora mini shi a kan ƙarfe. Kafin rana ta faɗi gobe."

"In an kawo shi za ki fita, ki rantse ba ke ba gidan nan?"

"In yana numfashi."

"In kuma Mai shi ya karɓi abinsa fa? Rai na Allah ne, naku da namu."

Mayafin ya daina motsi. Sai can muryar ta ce, a hankali ƙwarai, "To ni ma na yi 'ya, tata ta zama tawa."

Malam ya yi ta karatu har duhu ya shiga, ba ta ƙara tankawa ba. Ya ja Sulle gefe ya ce zai iya matsa mata da ƙarfi, amma uwa ce, uwa kuwa ba ta saki, yarinyar ce za ta sha wuya a tsakani. Gara a je a ɗauko.

Da sassafe Lauratu da Sulle suka isa ɗakin taron. Ana ta shara ana kafa rumfuna, washegari manyan baƙi za su zo buɗewa. Ga randunan nan uku dama uku hagu, sun yi kyau abinsu. Nasiru bai iso ba sai da rana ta take. Da ya gan ta ya washe baki.

"A'a, Mama! Sannu da zuwa. Kowa ya zo sai ya tambayi wa ya yi su."

Suka gaisa, ya tambayi gida, ta ce lafiya, don haka ake cewa. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya na zo ɗauka."

"Ɗauka kuma? Ta tsage ne?"

"Ba ta tsage ba. Jaririn aljana ne a ciki, uwar ta kama mini 'ya."

Nasiru ya yi dariya, ya duba fuskarta, dariyar ta tsaya. "Haba Mama. Kayan gwamnati ne fa yanzu. Gobe manya za su zo su ga uku nan, biyu can. In an tambaye ni in ce me? Ɗaya ta tafi wankan jego?"

"Ka ce musu abin da ka ga dama, ɗan nan. Zan gina maka wadda ta fi ta. 'Yata ko ruwa ba ta sha."

Barau maigadi, wani tsoho da ke zaune kan benci yana jin su, ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ka ba ta abinta. Ni tun da aka kawo su ban ƙara yin magariba a ƙofar nan ba, bayan gini nake zagawa. Kullum rana ta faɗi sai in ji kamar ɗan akuya sabon haihuwa. Na duba, babu akuya."

Lauratu ta juya gare shi da sauri. "Jiya ma ka ji, Baba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Shekaranjiya dai na ji, ƙasa-ƙasa. Jiya ban ji ba."

Nasiru ya ja da baya daga jikin randunan. Ya goge goshi ya ce, "Ɗauki, Mama. Zan sa tukunyar fure a gurbin. Allah ya ba ta lafiya."

Wace ce a ciki? Ido bai ga komai ba, duk shidan wayam. Lauratu ta bi su tana ƙwanƙwasa cikin kowacce da ɗan yatsa, yadda take yi idan ta kwashe daga wuta. Ta fari ta amsa, tau. Ta biyu ma haka. Ta ƙarshe a hagu ta ƙi amsawa. Dum, kamar an bugi cikin mutum. Ta taɓa ta, sanyi ƙalau, alhali tun safe rana ke dukanta.

Sulle ya taya ta ɗorawa a ka bisa gammo, suka kama hanya. Ba su yi nisa da gari ba ta tsaya. Wani abu ne a ciki yake gangarawa, in ta taka dama ya tafi dama, in ta taka hagu ya tafi hagu, lagwal-lagwal, irin wuyan jaririn da ba a tallafe ba. Tsigar jikinta ta tashi. Ta so ta jefar ta zura da gudu. Ta haifi bakwai, ta san wannan lanƙwasar.

"Maigida, sauke mini."

"Lafiya? Rana fa tana tafiya."

"Ba a ɗaukar ɗa a ka. Kama mini in goya."

Sulle ya sauke mata randar. Ta duƙa, ya ɗora mata randar a gadon baya, ta ja zani ta ɗaure a ƙirji, ta cire ɗankwali ta yi majanyi da shi, ta yafa mayafi a kai. Sanyin randar ya ratsa ta har ƙashi.

Haka ta yi tafiyar, a duƙe, ta gefen gonaki, tsakanin dawar da aka karya. Masu babur suna ragewa suna kallo. Wasu mata masu roron gyaɗa suka miƙe suna salati, ɗaya ta ce, "Wayyo, Lauratu ta taɓu." Ba ta kula su ba. Bayanta kamar zai ɓalle, ƙirjinta yana zafi yana tsukewa, ta ce a ranta ƙullin zanin ne. A cikin randar babu motsi, babu kuka. Maganar Barau ta yi ta dawo mata a rai. Ta kai hannu baya tana ɗan bubbuga gindin randar, ba ta ma san tana yi ba.

"Yi haƙuri," take cewa. "Yi haƙuri, ɗan baba, mun kusa. Kada ka yi mini haka. Riƙe ranka, ga uwarka can."

Rana ta kusa taɓa kan bishiyoyi lokacin da suka shiga zaure. Malam yana nan inda suka bar shi, muryarsa ta dushe da karatu. Nuriyya tana kwance a tabarma kamar tsumma. Lauratu ta durƙusa, Sulle ya kwance goyon ya ajiye randar a ƙasa.

Yarinyar da ko kai ba ta iya ɗagawa ta tashi zumbur. Ta rarrafo ta zura hannu biyu a cikin randar har kafaɗa, ta tsaya haka.

Hasken ranar yana janyewa daga kan katanga kaɗan-kaɗan. Fuskar Nuriyya ba ta nuna komai ba. Lauratu tana kallon siraran hannuwan 'yarta, tana cewa a ranta, shi ke nan, na kashe ɗan mutane, za a tafi da tawa.

Sai kuka ya fito daga cikin randar. Siriri, a gajiye, amma kuka ne. Duk wanda ke tsakar gidan ya ji shi. Sulle ya zube a ƙasa yana innalillahi.

Nuriyya ta ciro hannuwanta a tallafe, babu komai a kansu da ido zai gani, ta kai ƙirji. Hawaye suka zubo mata.

"Alƙawari," in ji Malam. "Rantse da Wanda ya halicce ki ya halicce shi."

"Na rantse da Shi. Ba ni ba gidan nan, ba ni ba zuriyarta." Ta juyo ta kalli Lauratu, ta daɗe tana kallonta. "Ke kika goya shi?"

Lauratu ta gyaɗa kai.

"A ƙoshe yake," in ji muryar.

Malam ya kama ɗan ƙaramin yatsan ƙafar yarinyar ta saman mayafi ya ɗaga murya da karatu. Jikinta ya miƙe ya sandare, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Wata 'yar iska ta tashi ta kwashi ganyen dalbejiya ta haura katanga. Can masallaci ladan ya ɗaga kiran magariba. Suka saurara. Kwanon ɗaki shiru.

"Inna," Nuriyya ta ce da muryarta ta gaskiya, a shaƙe. "Inna, ƙishirwa."

Lauratu ta rungumo ta, ta kafa mata moɗa a baki, tana sha tana ƙwarewa, uwar tana shafa mata kai tana kuka ba sauti. Da yarinyar ta ƙoshi ta kwantar da kai a ƙirjin uwarta. Sai ta ɗago.

"Inna, rigarki a jiƙe take."

Lauratu ta duba. Gaban rigar sharkaf, gefe biyu, har yana ɗiga a cinyarta. Ƙamshin kuwa na nono ne, babu macen da ba ta san shi ba. Rabonta da shayarwa tun da ta yaye wannan da ke jikinta. Malam ya kau da kai yana tattara kaskonsa. Sulle ya ƙura wa ƙasa ido.

Ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta.

"Gumi ne," ta ce. "Tashi zaune in dama miki kunu."